Cin shari'a daban, zartar da hukunci daban

A ajin koyon aikin lauya ana koyar da cewa kundin tsarin mulki yana sama da kowa. Sai an shiga aiki ake gane cewa alƙali ba shi da ɗan sanda nasa, ba shi da gidan yari. Duk suna hannun ɓangaren zartarwa, wanda sau da yawa shi ne ma aka yi ƙara.

A watan Yunin 2015 babbar kotu a Pretoria ta ba da umarnin kada a bar Omar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin wanda kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ke nema, ya fita daga Afirka ta Kudu. Washegari jirginsa ya tashi, alƙalai na zaune suna sauraron lauyoyi. A Amurka kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta wariyar launin fata a makarantu bai buɗe ƙofar wata makarantar sakandare a birnin Little Rock ba, sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji suka raka ɗalibai baƙaƙen fata tara a 1957.

Shi ya sa gogaggen lauya ba ya murna ranar hukunci. A ce kotu ta ce a saki wanda ake tsare da shi. Sai a karɓo kwafin umarnin mai hatimi daga magatakarda, masinjan kotu ya miƙa shi hannu da hannu ga jami'in da makullin ke wurinsa, a rubuta rana da lokaci, masinjan ya rantse cewa ya kai. In babu wannan shaidar, ƙarar raina kotu ba ta zuwa ko'ina, domin jami'in zai ce bai gani ba. Umarnin ma in ya ce "a saki nan ba da jimawa ba" maimakon "cikin awa 24", an ba masu tsare da shi ƙofa.

Gwamnati mai wayo ba ta cewa ta ƙi. Ɗaukaka ƙara take yi, ta nemi a dakatar da zartarwa, a yi ta ɗage zama. Ko a saki mutum a bakin ƙofa, a sake cafke shi da sabuwar tuhuma.

Mafi wuyar kamawa shi ne a yi amfani da doka a karya kotu. A 2012 Hungary ta rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, majalisa ta amince, komai bisa ƙa'ida a takarda. Kotun Tarayyar Turai ta ce hakan ya saɓa doka, amma kafin nan an riga an sauke alƙalai da dama, akasarinsu kuma ba su koma kujerunsu na da ba.