Kada ka cika ramin dashe da yashi da taki a ƙasar laka

Wani matashi na tarar yana haƙa ramukan dashe a tsohuwar gona mai ƙasar laka. Kowane rami ya kai masa ƙugu, bangonsa sumul, gefe guda ga tulin yashi da buhunan taki. Da na tambaye shi sai ya ce, "Baba, ƙasar nan ba ta da kyau, kwashe ta zan yi in zuba wa itacen mai laushi." Maganar da ta fito daga bakina ke nan lokacin ina kamarsa, kuma ita ta kashe mini itatuwa masu yawa.

Ga yadda na yi. Rami mai zurfi, tsakuwa a gindi wai don ruwa ya tsane, haɗin yashi da kashin shanu a sama, sannan na binne dashen har ƙasa ta rufe wuyansa don kada iska ta kayar da shi. Da farko ganye ya yi shar. Da damina ta kankama sai ya fara rawaya yana yanƙwanewa. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara takin zamani. Sai da na tone wanda ya mutu na ga gaskiya: ruwa kwance a gindin ramin yana wari, saiwa ta yi baƙi, idan ka ja ta sai fatar ta saɓule ta bar maka zare a hannu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba, ƙofofin da ke tsakaninta ƙanana ne, ruwa a hankali yake ratsa su. Haɗin da na zuba kuwa nan take yake shan ruwa, har da na gefe da ke gangarowa. Ruwa ya shiga, hanyar fita babu, ramin ya zama randa. Saiwa numfashi take yi, idan ruwa ya kori iska sai ta shaƙe ta ruɓe, kuma itacen da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, shi ya sa yake kama da mai ƙishi. Tsakuwar ba ta fitar da komai ba, gurbin kwanciya kawai ta ba ruwan. Ƙari a kan haka, na yi haƙa ƙasa tana jiƙe, shebur ya shafe bangon ya yi santsi, saiwar da ta tsira ta kasa huda shi, ta riƙa kewaye a ciki.

Ba zan ce wauta ce zalla ba. Haka magabata suka koya mana, kuma a ƙasa mai rairayi ramin taki bai cika yin wannan ɓarnar ba, domin ruwa yana wucewa. Babu wanda ya taɓa gaya mini tsohuwar gona tana da nata ciwon. Garma kullum a zurfi ɗaya take tsayawa, shekara da shekaru, ga nauyin tarakta, sai wani shimfiɗi mai tauri ya samu a ƙarƙashi, galibi wajen santimita 20 zuwa 30. Sama laushi, ƙasa a daskare. Ga shi kuma an daɗe ana kwashe amfani da kara ba a mayar da komai, har tsutsar ƙasa, wato tana, ta yi ƙaranci. Wa zai san wannan daga kallon sama? Amma kuma na ga ruwa ya kwana a ramukan tun kafin in dasa. Na gani da idona, na kau da kai, saboda na riga na sayi dashen kuma ina ɗokin ganin su a ƙasa. Wannan kam ba laifin magabata ba ne.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba. Ku yaran yanzu kuna son inuwa cikin wata shida, ɗan bidiyo a waya ya fi muku maganar wanda ya tone matacciyar saiwa. To ku riƙe waɗannan.

Gwada ƙasar kafin ka sayi ko dashe ɗaya. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsane, ka sake cikawa ka auna. Idan ruwan ba ya sauka santimita 2.5 a awa guda, ƙasar ba ta tsane ruwa sosai. Idan ya kwana ya wuni yana nan, kada ka dasa a rami ko kaɗan: tara tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗinsa ya wuce mita ɗaya, ka dasa a kai. Duba launin abin da ka haƙo. Toka-toka mai ɗigon tsatsa alama ce ta wurin da ruwa ke daɗewa. Idan kana zargin ragowar maganin ciyawa, ɗebi ƙasar a gwangwani ka shuka wake. Idan ya fito a murɗe ko ya ƙi fitowa, dakata.

Rami ya zama mai faɗi, ninki biyu zuwa uku na dunƙulen da ke cikin leda, zurfinsa kuma kada ya wuce tsayin dunƙulen. Wuyan itacen, inda saiwa ta fara rabuwa, ya ɗara saman ƙasa da santimita 5 zuwa 10. Cire ledar, warware saiwar da ta naɗe, karce bangon da diga, ka mayar da ƙasar da ka haƙo bayan ka farfasa ta. Ita ɗin dai, ba wata ba. Ba yashi. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai kusan rabin haɗin, ɗan kaɗan kuwa ƙara mata tauri yake yi. Garin jifsam ma, farin ma'adinin nan da ake tallatawa don gyaran ƙasa, amfaninsa na fili yana ga laka mai gishirin sodiyam.

Na ce kada ka zurfafa, amma shimfiɗin nan na garma dole a fasa shi. A fasa shi a filin gaba ɗaya, da dogon haƙorin tarakta ko da ƙarfe, lokacin da ƙasa ta sha iska. Dunƙula ta a hannu: idan ta marmashe, yi aiki, idan ta manne tana sheƙi, ajiye kayan aikinka ka tafi. Taka laka jiƙaƙƙiya kwana ɗaya na iya ɓata ta tsawon shekara.

Na kuma hana taki a rami, alhali ruɓaɓɓen taki shi ne maganin laka. A sama ake sa shi. Baza shi kewaye da itacen, rufe da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 10, ka bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, ka maimaita kowace shekara. Ƙananan halittu irin su tana za su shigar da shi cikin ƙasa. Ga kayan lambu, ɗaga fangali santimita 15 zuwa 20, faɗinsa kada ya wuce inda hannunka zai kai tsakiya, ka gauraya takin da saman ƙasar duka, kuma kada ƙafa ta sake hawa kai.

Ban-ruwa a hankali, ba kullum ba. Tura yatsa santimita 10, idan da danshi ka bari. Gwanda da lemo ba sa jure ruwa a gindi, gwanda kwana biyu ma na iya gamawa da ita. Gwaba da bagaruwa sun fi haƙuri. Da so samu ne, ka bar filin shekara guda ƙarƙashin wake da ciyawa mai doguwar saiwa kafin ka dasa komai. Na san ba za ka jira ba, ni ma ban jira ba. To dasa kaɗan a kan tudu, ka ga abin da damina ɗaya za ta yi musu kafin ka sayi sauran.