Ƙanena ya ajiye aikin gadi

Tun da ƙanena ya bar aikin gadi a wani kanti kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, dangi ke cewa lalaci ne. Ni dai ban yarda ba.

Kwana yake a bakin ƙofa, sanyi da zafi, daga magariba har asuba, a kan jika 25, wato sefa 25,000, a wata. Alhali tun farkon 2024 gwamnati ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashi a Nijar daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Mai kantin ko a jikinsa. Wani lokaci ma sai wata ya kai goma kafin ya miƙo kuɗin, yana ɗaure fuska kamar sadaka yake bayarwa.

Ran da ya karɓi albashinsa na ƙarshe ina zaune a zaure ya zube shi a kan tabarma. Ya ware na haya, ya ware na mai shago da ke binsa shinkafa da sabulu, ya ware na ga-ruwa, don kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. Jika biyu suka rage. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Yaya, wa nake wa wannan wahalar?"

Yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin haya. Tun kiran sallar farko yake fita, ba mai tashinsa, don abin da ya samu a ranar yake shiga aljihunsa. Ina tsoron hanya, wallahi, kuma kullum sai na ce masa ya rage gudu. Jiya da yamma ya kawo wa Inna tiya biyu ta gero.