Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwana 21 a Ƙofar Gida Ɗaya

A makon jiya na tsaya ne a ranar 20 ga Oktoba, 2014, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Ba a cika wata biyu ba sai ga ni a jirgi zuwa Saliyo, cikin ma'aikatan lafiya da suka sa kai ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Ma'aikacin gwamnati ba ya ɗaukar jaka ya kama hanya haka kawai. Sai da fayil ɗina ya bi tebur-tebur kafin takardar izini ta fito, ana saura kwana biyu a tashi.

Aka ba ni aikin bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da marasa lafiya a wata unguwa da ke gefen Freetown. Duk wanda ya taɓa mai cutar, kullum sai mun je mun auna zafin jikinsa har kwana 21, domin iyakar lokacin da ƙwayar ke ɓuya a jiki ke nan. Ba musabaha, ba shiga ɗaki. A kowace ƙofa akwai bokiti mai famfo cike da ruwan kulorin, mu yi ta wanke hannu har fatar yatsuna ta tsattsage.

Na zo da gogewar rigakafin shan inna, na san fom, na san taswira. Amma wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar, wadda ke yi mini tafinta, ita ta koya mini aikin. Akwai gidan da na rubuta mutum 6. Ta dubi igiyar shanya, ta ce a hankali, "Ɗan'uwa, wannan 'yar rigar ta wa ce? Babu yaro a lissafinka."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan dutse nesa da tsohuwar gidan, ta ce, "Mama, ni ma na binne ƙanwata. Ba mun zo ƙwace miki jika ba ne." Tsohuwar ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ɗaga labule. Yarinya ce 'yar shekara 4, an ɓoye ta don tsoron motar asibiti. Har gobe ban ga laifin tsohuwar ba; ta ga an tafi da ɗanta, ko gawarsa ba ta gani ba.

Annobar ta ci rayuka fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Yarinyar ba ta cikinsu. Ranar da kwana 21 suka cika, na miƙa ma'aunin zafi daga nesa, ya nuna 36.8, na rubuta hannuna yana rawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin daren da ni kaina zazzaɓi ya rufe ni.