Gurnanin da ba na injin ba ne

Motar da ta buɗe mini ƙofar aikin kashe ƙarar injin ta ƙarya Golf GTI ce fara, 'yar Beljiyam, ta wani matashi mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna duk ƙarshen mako. Kafin ya iso garejina a Apo ya riga ya biya wurare biyu. A na farko sun canza masa robobin da ke riƙe injin. A na biyu sun kwance rabin dashbod suna neman abin da ke kaɗawa, suka mayar da shi da kilif biyu a karye. Kukansa ɗaya ne: da ya taka totur sai wani gurnani ya taso daga gindin gilashin gaba, tare da wata ziza mai shiga har cikin haƙori.

"Oga, don Allah ka gaya mini gaskiya, injin ne zai buga?"

Ni riwaya ne, wayoyi da kwamfutar mota na koya a Kano, amma kunnena ya daɗe cikin ƙarar injuna. Na sa yarona ya zauna ciki yana taka totur, ni kuma na buɗe banet na kasa kunne. Injin lafiya lau, ko tari babu. Na ce ya sauya saitin tuƙin motar daga Sport zuwa Eco. Daga ciki ya ɗaga murya ya ce gurnanin ya ragu, alhali a inda nake tsaye ba abin da ya sauya. Nan jikina ya ba ni cewa ƙarar nan haɗa ta ake yi.

Muka ɗaga baƙar robar da ke ƙarƙashin waifa, sai ga shi: wani ɗan kewayayyen abu da bai fi gwangwanin man shafawa ba, ɗaure da ƙarfen motar. Volkswagen na kiransa Soundaktor. Kwamfuta ce ke gaya masa gudun injin da yadda aka taka totur, shi kuma ya yi ta karkarwa, ƙarfen da gilashin gaba su ɗauka su watsa cikin mota kamar fatar ganga. Na wannan motar notinsa ya saki, ga busassun ganyaye sun taru a gefensa, shi ya kawo zizar. Zare soket ɗinsa aikin minti kaɗan ne, amma na fi son jona VCDS ko OBDeleven, na'urorin da ake shiga kwamfutar mota da su, in mayar da ƙarfinsa sifili, don duk ranar da mai mota ya yi kewar gurnanin a dawo masa da shi ba sai an kwance komai ba. Matashin ya zaga da motar ya dawo yana dariya, wai ashe kuɗin robobin nan sadaka ya yi.

Masu kawo mini mota kan yi mamakin yadda kamfani zai kashe kuɗi ya ƙera ƙarar ƙarya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injunan yanzu ƙanana ne masu turbo, shi kuwa turbo yana zaune ne a kan hanyar hayaƙi, yana shanye kaifin ƙarar tun kafin ta kai salansa. An kuma cika jikin mota da abin tare ƙara har direba ba ya jin komai. Ga dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2014, wadda ke rage yawan ƙarar da mota za ta yi a kan titi mataki-mataki. Wanda ya sayi motar gudu kuwa so yake ya ji ta. Tunda an hana su damun mutanen waje, sai suka juyo da ƙarar kan na ciki.

Misalin da nake yawan bayarwa BMW M5 ce. Tsohuwar ƙirar, E60, injinta V10 ne, wato silinda goma, mai lita 5 ba turbo, kukanta kaɗai ya isa talla. Da aka fito da magajiyarta F10 a 2011 mai V8 lita 4.4 da turbo biyu, ƙarfi ya ƙaru, murya ta dushe, sai BMW ta kawo abin da ta kira Active Sound Design, wato ƙarar injin da ke fitowa ta lasifikokin da kake jin rediyo da su. Daga nan abin ya bazu zuwa ƙananan motocinsu.

A kan BMW ɗin ne na sha kunyar da ban manta ba. Wani Alhaji ya kawo tasa, ya ce in ya ɗauko baƙi ba sa jin maganar juna. Na nuna wa wani sabon yaro akwatin da ke haɗa ƙarar a but, bayan kafet, kusa da amfilifaya, na tafi sallar la'asar. Kafin in dawo ya zare soket ya rufe komai, Alhaji ya biya ya tafi. Ba a yi rabin awa ba sai ga waya.

"Malam, na ce ka rage mini ƙara, ban ce ka kashe mini karatu ba."

Sautin rediyo ta cikin akwatin nan yake ratsawa kafin ya isa amfilifaya, saboda haka zare shi ya kashe lasifikokin gaba ɗaya. Laifina ne, ba na yaron ba, ni ne ban ƙarasa masa bayani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a dawo da ita, ba ko sisi." Hanya biyu ce: ko a sa 'yar wayar tsallake da ke haɗa shiga da fita kai tsaye, ko a kashe shi ta kwamfuta da BimmerCode ko E-Sys. Tun daga ranar na kafa doka a garejina. Ba a yanka waya. Ba a taɓa kwamfutar mota sai an ajiye kwafin saitinta na asali, an kuma jona caja a batir da janareto a kunne, domin in wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu, akwatin da ya fi kuɗin aikin sau da yawa zai iya mutuwa a hannunka. Garanti kuwa ba ya tsallako teku tare da 'yar Beljiyam, daga aljihuna za a biya.

Akwai wani nau'in da ba ruwansa da lantarki, kuma shi na fi girmamawa, don ƙarar injin ce ta gaske aka yi mata hanya. A Toyota 86 da 'yar uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, tiyo ne aka ɗauko daga bututun shan iskar injin, da 'yar fata mai karkarwa a tsakiya, aka zuro shi wajen ƙafar mai zaman gaba. Ford Mustang GT mai lita 5 ma tana da irinsa, ita kuwa mai EcoBoost lita 2.3 ta 2015 da lasifika take yi. Porsche 911 ƙirar 991 tana da nata mai bawul, wanda ke buɗewa in an danna Sport. Maganin 86 har dariya yake ba ni: a ɗaga kafet a toshe bakin tiyon, kuma murfin soket ɗin cajin da ke cikin akwatin gaban fasinja ya yi masa daidai kamar don shi aka yi.

Inda ake ɓarna shi ne wajen cire tiyon ɗungurungum. Ramin da ya bari yana bayan matatar iska ne, bayan na'urar da ke auna iskar ma. In murfin da aka sa bai kama gam ba, injin zai riƙa shan iskar da kwamfuta ba ta lissafa ba, ya fara rawa a tsaye, fitilar gargaɗi ta kama. Mafi muni, ƙurar hunturu za ta wuce kai tsaye cikin silinda. Na taɓa karɓar wata da aka toshe da leda da salatif. Ni murfin roba mai kauri nake sawa da kilif na ƙarfe, in fesa ruwan sabulu ko in yi gwajin hayaƙi kafin in sallami mota.

Wani abin da ake rikitawa da wannan shi ne na'urar kashe ƙara. Honda Accord mai V6, irin wadda ake wa laƙabi da Evil Spirit, tana da makirfo a rufinta da ke sauraron gurnanin injin, lasifika kuma ta fitar da kishiyarsa su kashe juna. Sai yaro ya ɗaura ƙatuwar wufa a but, lissafin ya rikice, mota ta kama wani huuu kamar jirgi zai tashi. Wannan ba ƙarar ado ba ce, gyaranta daban. Ƙarar da motocin lantarki ke yi a waje in suna tafiya a hankali kuwa ba na taɓa ta ko nawa za a ba ni, don makaho da yaro mai tsallaka titi aka yi ta.

Abin da nake gaya wa kowa kafin mu fara shi ne ya shirya jin abin da bai taɓa ji ba. Gurnanin nan bargo ne, yana rufe abubuwa da yawa. Mai GTI ɗin nan bayan mako biyu ya dawo, wai mun jawo masa sabuwar ƙara daga baya. Muka hau titin filin jirgi tare, na ce ya ɗan karkata sitiyari hagu da dama. Boris ne na tayar baya, ya daɗe yana kuka ba mai jinsa. Na tura shi wurin maƙwabcina bakanike.

Mu biyar ne a garejin, kuma wannan aikin ba shi ke ciyar da mu ba, gyaran wayoyi da na'urar sanyaya mota ne abincin yau da gobe. Motocin gudun ba su da yawa, sai dai masu su sun san juna, ɗaya ke turo ɗaya. Duk tiyo ko soket da muka cire nakan sa a leda, in rubuta lambar motar a jiki, in ba mai ita ya ajiye a but saboda ranar sayarwa. Wasu kan bar mini. Yanzu haka akwai uku a saman kabad, kuma a makon jiya wanda ya sayi ɗaya daga cikin 86 ɗin ya kira ni, yana tambaya ko za a iya mayar masa da tiyon, wai motar ta yi masa shiru da yawa.