Jiki Ba Ya Ajiyar Atisaye

Na fara gudun asuba ne bisa shawarar wani likita da ya auna jinina ya ga ya soma hawa, ya ce ya fi son in gwada motsa jiki da rage gishiri kafin a kai ga maganar shan magani kullum. A lokacin ba na iya wuce 'yan turakun lantarki da gudu sai na tsaya na dafa gwiwa. Da an idar da sallar asuba sai in sauya takalmi in kama titin da ya bi gefen ganuwar Kano zuwa wajen Ƙofar Kabuga, ina haɗa tafiya da sassarfa, har a hankali sassarfar ta rinjayi tafiyar. Sai da na daɗe a haka kafin in kai ga yin gudun minti 40 ina hira da na kusa da ni, numfashi bai yanke mini magana ba. Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne bugun zuciyata da safe kafin in bar shimfiɗa. Nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga na minti ɗaya, kuma na ga ya sauko daga wajen 80 zuwa kusa da 60.

Ana cikin haka na yi targaɗe a idon sawu, a wani rami da ruwan damina ya rufe, aka hana ni taka ƙafar da ƙarfi har na tsawon makonni. Ranar da na koma ƙafar ta warke sarai, ba ita ta dakatar da ni ba. Ƙirjina ne ya gaza. Tun ban yi nisa ba maƙogwarona ya bushe, ina jin bugun zuciya har cikin kunnuwana, mutanen da a da nake jira su iso ni suka wuce ina kallon bayansu. Bugun safe ma ya koma sama da 70. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙarfin tsoka bai tafi tare da numfashin ba, domin ina iya ɗaukar buhun shinkafa daga mota zuwa cikin gida kamar da, amma hawa bene hawa biyu a wurin aiki sai ya sa ni haki.

Daga baya na karanta dalilin, kuma bayanin ya yi daidai da abin da na ji a jikina. Wanda ke gudu a kai a kai, jikinsa yakan ƙara yawan ruwan da ke cikin jini, sai zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, shi ya sa ba ta buƙatar sauri. Wannan ƙarin ruwan shi ne abin da ke fara raguwa, cikin 'yan kwanaki kaɗan da daina atisaye, sai zuciya ta koma cike gurbi da yawan bugawa. Bayan haka sinadaran da ke taimaka wa tsoka ta ƙona abinci da iskar oksijin su ma su ja baya. A shekarar 1984 wani masani a Amurka mai suna Edward Coyle da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan mutanen da suka shafe shekaru suna atisayen juriya, aka sa su daina na kwana 84. Iyakar oksijin da jikinsu ke iya amfani da shi ya ragu da kashi 7 cikin 100 a kwana 21 na farko, ya kai kashi 16 cikin 100 zuwa kwana 56, sannan ya tsaya a nan. Duk da haka sun ci gaba da fin waɗanda ba su taɓa atisaye ba, kuma ƙananan hanyoyin jinin da suka tsiro a tsokarsu ba su ɓace ba.

Akwai wani binciken da ya fi wannan tsaya mini a rai. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya 'yan kimanin shekara 20 a kan gado na mako uku, ba tashi ba tafiya. Ƙarfin zuciya da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan biyar, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi shekaru talatin na tsufa yi musu illa. Tun da na san wannan nake duban yadda muke jinyar iyayenmu da wani ido daban. Cikin tausayi muke cewa tsoho ya kwanta ya huta, mu kawo masa ruwan alwala har bakin gado, mu hana shi ko zagaya tsakar gida, alhali idan likita bai hana ba, 'yar tafiyar nan tana cikin abin da zai tashe shi.

Wanda ya daidaita mini komowata wani dattijo ne, tsohon soja, da muke haɗuwa da shi a hanya kusan kowace safiya. Da ya ga ina ta ƙoƙarin kamo abokan guduna sai ya tsayar da ni ya ce, “Ɗana, ba da su za ka yi tsere ba yanzu. Ka koma inda ka fara, ka haɗa tafiya da gudu, jikin zai tuna da kansa.” Na ce, “To Baba, ai sai in ga kamar wahalar baya ta tafi a banza.” Ya ce ba ta tafi ba, in ba ta lokaci kawai. Haka kuwa aka yi. Abin da na sha wuya kafin in samu a karon farko ya dawo cikin lokacin da bai kai rabin wancan ba. Ta fuskar tsoka, wani bincike da aka yi kan ɓeraye a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway a 2010 ya nuna cewa ƙarin cibiyoyin da zaren tsoka ke samu lokacin atisaye, wato 'yan sassan da ke cikin zaren suna sarrafa aikinsa, suna nan ko bayan tsokar ta motse, kuma ana ganin hakan na cikin dalilan da ke sa komowa ta fi farawa sauƙi. Hikimar ja da baya da Baba ya ba ni ita ce numfashi yakan dawo da wuri fiye da yadda jijiyoyi da gaɓoɓi ke sake sabawa da dukan ƙasa, don haka mai gaggawa yakan koma gida da sabon ciwo.

Babban abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne ragewa da dainawa ba ɗaya ba ne, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta fi yadda mutane ke zato. Wani masanin, Robert Hickson, ya gwada wannan a shekarun 1980. Ya sa mutane atisaye kwana shida a mako na tsawon mako goma, sannan ya rage wa wasu zuwa kwana huɗu, wasu zuwa kwana biyu, na mako 15. Muddin zafin atisayen bai sauya ba, juriyarsu ta tsaya inda take. Da aka bar yawan kwanakin aka rage zafin, sai ta fara zubewa. Kamar tukunya ce a kan murhu: tafasa ta ke cin itace, amma da ta tafasa, 'yar wuta ta isa ta riƙe ta, in dai ba a janye itacen gaba ɗaya ba.

Da wannan nake tsara shekarata yanzu, domin dalilan tsayawa ba sa ƙarewa. A makon da komai ya daidaita ina bin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Idan ƙurar hunturu ta yi kauri har ana jin ta a haƙora, ba na fita titi, sai in yi hawa da saukar bene a gida. Idan tafiya ta kama ni, igiyar tsalle tana cikin jakata.

Watan azumi ne ya fi buƙatar tsari, domin a nan ne na ga abokan gudu da yawa suna ajiye takalmi da niyyar ɗauka bayan Sallah, wasu kuma ba su sake ɗauka ba. Ni nakan bar gudun asuba gaba ɗaya, saboda babu damar shan ruwa bayansa, musamman idan azumin ya faɗo cikin zafin bazara. Sai in mayar da shi bayan tarawihi, lokacin da abincin buɗa-baki ya faɗa kuma na sha ruwa isasshe. Ina yin gajere, minti 20 ko 25, sau biyu ko uku a mako, amma da 'yan zagaye masu zafi a ciki waɗanda ke sa ni haki na gaske. Mai ciwon sukari ko wanda ke shan maganin hawan jini kuwa ya kamata ya zauna da likitansa tun kafin watan ya kama, su tsara lokacin magani da na atisaye tare.