Alhamis, awa 72 bayan maganin

Da duhu na fita yau. A sanyin nan na Jamus gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe takwas, don haka ina idar da sallar asuba na zura rigar sanyi na kama hanya, ko shayi ban tsaya sha ba. Tun ranar Litinin hankalina ke kan wasu 'ya'yan kifi guda arba'in, yau ce kuma ranar duba su.

Ɗakin kifinmu a ƙarƙashin ƙasa yake. Kana tura ƙofa ɗumi da laima za su tarbe ka, domin ruwan a kan digiri 28 da rabi ake riƙe shi dare da rana, fitila kuma awa 14 take yi a kunne, awa 10 a kashe. Kifin zebra ne, mai zane irin na jakin dawa, babbansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Asalinsa na rafuka da fadamun shinkafa ne a Indiya da Bangaladash. Wani masani mai suna George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka shi ya dage a kansa shekara da shekaru, har aikinsa ya fito a 1981, daga nan duniya ta karɓa. Abin da ya ja masa farin jini, ɗansa garai yake kamar gilashi, ana hango cikinsa ba sai an yanka ba. Nawa kwanansu takwas yau, tsawon kowanne bai wuce milimita huɗu da wani abu ba, sai ka ce gashin ido aka sa wa idanu biyu. A nan da zarar ɗan kifi ya wuce kwana biyar ya fara ci da kansa, doka ta sa shi a sahun dabbobin da take karewa, ba a taɓa shi sai da takardar izini, kowanne kuma a lissafe yake. Dokar ta kwanta mini a rai, domin rai ne.

Ina ƙarama a Yauri, idan Inna na kankare karfasa nakan tsuguna kusa da ita. Akwai wani layi a gefen kifin, jerin ɓawo masu ɗan huji, ya taso daga bayan kai, ya yanke, ya ci gaba ta ƙasa kusa da wutsiya. Na taɓa tambayar Baba amfaninsa, ya ce, "Kifi da jikinsa yake ji, shi ya sa nake hana ku tsalle a bakin ruwa." Baba bai taɓa leƙa madubin likita ba, amma abin da ya faɗa shi nake karatu a kansa yau. A kan layin nan akwai ƙananan gungu na ƙwayoyin halitta, a zagaye kamar ɓarin lemo. A tsakiyar kowane gungu akwai ƙwayoyi masu tukku: kowace tana da gashi a ka, jere gajere zuwa dogo kamar matakala, da guda ɗaya dogo a gefe da ya fi su duka. Tukkun yana cuse cikin wani abu mai yauƙi da ya miƙe cikin ruwa. Idan ruwa ya motsa sai ya tanƙwara gashin, wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure kan wannan gashi da na kusa da shi su ja, su buɗe wasu 'yan ƙofofi, sinadarai masu cajin lantarki su kwarara ciki, ita kuma ƙwayar ta saki saƙo ga jijiyar da ke ƙarƙashinta, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Rabin ƙwayoyin kowane gungu ɓangare ɗaya suke fuskanta, rabi kishiyarsa, a wasu kai da wutsiya, a wasu sama da ƙasa, don kifi ya san ta inda ruwa ya taho.

Irin waɗannan ƙwayoyi ne a can cikin kunnenmu. Da su muke ji. Mutum yana da wajen 15,000 a dodon kowane kunne na ciki, da su aka haife shi, wadda ta mutu kuma ta tafi ke nan. Na layin ɗan kifin a waje suke, a kan fata, ruwa na taɓa su kai tsaye, shi ya sa aiki da su ke da sauƙi.

Ranar Litinin na raba 'ya'yan kifin biyu. Ashirin na bar su cikin ruwansu, ashirin na tsoma su cikin ruwan da aka narka neomycin na rabin awa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, an gano shi a 1949 a ɗakin binciken Selman Waksman, inda streptomycin ya fito a 1943. Danginsu ɗaya da gentamicin da kanamycin. Ta 'yan ƙofofin nan na tukku yake shiga, ya birkita ma'ajiyar kalsiyam ta cikin ƙwayar, kalsiyam ɗin ya yi wa sassan da ke samar mata da ƙarfi yawa, cikin awa guda ta mutu. Da na duba su da yammacin ranar, layin nan wayam, sai ɗigo ɗaya can, ɗaya can. Na san haka zai faru, ai na sha karantawa, amma sai da na fita na tsaya a baranda na ɗan lokaci.

Wani abu da na lura da shi tun ranar: ko da layin ya mutu, in na ƙwanƙwasa gefen faranti sai su zabura kamar kullum. Maganin da ke cikin ruwa ba ya isa kunnen ciki na ɗan kifin, zaburar kuma mafi yawanta daga kunne take tasowa. Wasu manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu rak ke da wannan aiki, ɗaya dama ɗaya hagu a ƙeyar ƙwaƙwalwa. Wani likitan ido da ya yi karatu da aiki a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Ludwig Mauthner, shi ya fara ganin zaruruwansu masu kauri a lakar kifi a 1859, sunansa suke ɗauke da shi har yau. Zaren ta dama tsallakawa yake zuwa hagu ya gangara laka, na hagu ya tsallaka dama. Ƙara ta zo ta dama, ta dama ta harba sau ɗaya tak, naman hagu ya tsuke gaba ɗaya, kifin ya lanƙwashe kamar lauje, kansa ya juya wa haɗarin baya, duk a cikin kashi kaɗan daga dubu na sakan. Duk wanda ya taɓa kai hannu zai cafki kifi a ruwa ya gamu da su. Abin da ya ragu wa nawa shi ne iya fuskantar ruwa mai gudu.

To, yau. Na haɗa wani rini mai haskawa a ƙarƙashin madubi da ake kira FM1-43, na tsoma su na sakan 45, na ɗauraye sau uku. Kyan rinin nan shi ne ta ƙofar da maganin ya bi shi ma yake bi. Ƙwayar da tukkunta bai fara aiki ba ba ta shan sa, saboda haka duk wadda ta haska, tana ji. Na sa musu maganin barci na tirikain, na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya a kan gefensu cikin wani abu mai daskarewa kamar kamu, ina juya su da bakin gashin burushi. Biyun farko sun daskare a karkace, sai da na fasa na sake. Malamar da ke duba aikina ta leƙo ta tarar ina fama, ta ce in bar shi ya ɗan huce a tafin hannuna kafin in ɗiga, in kuma daina riƙe numfashi. Da na bi maganarta hannuna ya daina rawa.

Wajen sha ɗaya na kashe fitilar ɗakin madubi na ɗora na farko. Duhu, sai na murɗa a hankali, sai ga su. Ɗigo-ɗigo masu haske tun daga kewayen ido, bayan kunne, har ƙarshen wutsiya, kamar fitilun masunta a kan Kwara da dare. Na ƙara girman hoton a kan gungu na farko na gangar jiki. Ƙwayoyi sun jeru a da'ira, kowace da ƙugunta mai kauri da siririn wuyanta, suna haɗa kai a tsakiya. Na ƙirga goma. Na ce Allahu akbar a fili, ni kaɗai a ɗaki.

Har azahar ina ƙirga. Waɗanda ba su sha magani ba yawanci sha ɗaya zuwa sha huɗu a gungu, waɗanda suka sha tara zuwa sha biyu. Kwana uku kacal.

Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne tushen sababbin. A ƙarƙashi da kewayen masu tukku akwai wasu ƙwayoyi marasa tukku, masu tallafi, waɗanda a kullum aikinsu riƙe na sama ne. Da na sama sun mutu, cikin awa 12 zuwa 21 sai wasu daga cikin masu tallafin su shiga rabuwa. Ɗaya ta tsage biyu, biyun su zama masu tukku, tagwaye, su juya ɗaya ta fuskanci kai ɗaya wutsiya. Jijiyar da aka bari ba kowa tana nan tana jira, ta sake kama su, kowane reshe ya nemi masu fuskantar ɓangarensa. Sabuwar ƙwaya kuma tana taɓa maƙwabtanta da wani saƙo da ake kira Notch, wanda ke hana su bin sahunta, shi ya sa adadin ke tsayawa daidai. Idan aka toshe saƙon da magani sai su fito fiye da kima. Mu ma muna da masu tallafin nan a kunne, suna zaune daram a gefen gurbin da ya mutu, ba sa rabuwa. Tsuntsu yana iyawa, tun 1988 aka tabbatar da haka. Kifi yana iyawa. A ganina tambayar da ta fi kowace nauyi a fagen nan ita ce me ya ɗaure namu, kuma ita ta kawo ni ƙasar nan.

Autarmu shekararta huɗu lokacin da zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Wani mai kemis ya yi ta yi mata allurar gentamicin kwana da kwanaki, ba awon nauyi, ba gwajin ƙoda. Ta tashi, amma Inna ta lura tana kiranta daga baya ba ta waiwayowa. Ba na ƙin maganin, jarirai da yawa da shi suka rayu, kuma yana da arha. Auna shi ake yi, likita ke sa ido a kai. Akwai ma masu wani canji a ƙwayar gado da ake ɗauka ta wajen uwa, waɗanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe musu ji. Masu tarin fuka mai bijire wa magani sun daɗe suna rasa jinsu da allurar kanamycin, sai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga jerin da take ba da shawara a kai.

Da magariba na kira gida ta bidiyon WhatsApp. Inna ta fara ɗauka: "Kin ci abinci kuwa? Fuskarki duk ta faɗa." Na ce na ci, Inna. Ta miƙa wa Auta. Da maganar hannu muke hira, sai na jingina wayar da kofi don hannuwana su samu sarari. Na yi mata alamar kifi, na ja yatsa a gefen haƙarƙarina, na nuna mutuwa, na ɗaga yatsu uku, na nuna tsiro. Ta gane tun kafin in gama. Ta ce in turo hoton.

Bayan isha'i saƙonta ya shigo. Ta buɗe hoton gungun farko, ta zagaye kowace ƙwaya da jan layi a wayarta. "Yaya, sha biyu ne ba goma ba. Akwai biyu ƙanana a gefen hagu, a manne da juna, haskensu bai kai na sauran ba."

Na buɗe kwamfuta na ƙara wa hoton haske. Suna nan, tagwaye ne, ba su daɗe da fara shan rini ba. Na gyara lambar a littafina, gobe da safe kuma zan sake bin sauran hotunan tun daga na farko.