Abin da na koya wajen koya wa yara ilimin wata

Shekarar da aka fara ba ni darasin kimiyya na 'yan aji biyar a firamare, da muka iso babin wata sai na shigo aji da hoton ɗan sama jannatin Amurka Buzz Aldrin tsaye a kan wata, wanda abokin tafiyarsa Neil Armstrong ya ɗauka a watan Yulin 1969. Na rubuta a allo cewa nisan wata daga duniya ya kai kilomita 384,400, kuma mutum 12 ne suka taɓa taka shi, na ƙarshensu a 1972. Yara suka kwafa tsaf. Da na yi jarrabawa suka dawo mini da lambobin nan yadda na ba su, ni kuma na ɗauka aiki ya yi.

Bayan mako biyu wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, yau da safe na ga wata a hanyar makaranta. Me ya fito da shi da rana?” Na juya wa aji tambayar. Babu wanda ya amsa, wasu ma suka ce idonta ne ya yaudare ta. Sai na tambaye su abin da ke sa wata ya girma ya kuma ragu. Kusan dukkansu suka ce inuwar duniya ce ke rufe shi. A nan na gane na ba su labarin tafiyar wasu mutane zuwa wurin da su ba su taɓa tsayawa sun duba da kyau ba, alhali kullum yana bisa kansu.

Shekarar da ta biyo na sake tsari. Na jira aka sanar da tsayuwar wata, sannan na sa kowa ya ware shafi biyu a littafinsa. Aikin shi ne: kowace rana bayan sallar magariba, ka fita tsakar gida ka zana wata yadda ka gan shi, ka rubuta ko yana gabas ne, ko yamma, ko tsaka. In ba ka gan shi ba, ka rubuta ba ka gani ba. Karon farko da damina na yi wannan, hadari ya cinye mana kusan rabin kwanakin, saboda haka yanzu nakan bari sai sama ta washe.

Abin da ya fito daga littattafan nan ya fi duk abin da na taɓa rubutawa a allo. Su da kansu suka lura jinjirin wata a yamma yake bayyana, kusa da inda rana ta faɗi. Wajen kwana bakwai ya zama rabi, yana tsakar sama da magariba. Daren sha huɗu yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan sai ƙorafi ya fara: “Malam, wata ya ɓace.” Bai ɓace ba, fitowarsa ce ke jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana, har ya kai ga sai da safe ake ganinsa. Tambayar yarinyar nan ta bara ta sami amsa ke nan, kuma ba daga bakina ba.

Sai da suka yi wannan kallo na kwana talatin sannan na rufe tagogin aji, na kunna tocila a kan teburi a matsayin rana, na ba yaro lemo ya riƙe a matsayin wata, kansa kuma shi ne duniya. Yana juyawa a hankali, hasken da ke jikin lemon yana girma yana raguwa. Kullum rabin lemon ne ke samun haske, abin da ke canzawa shi ne yawan ɓangaren da ke fuskantar idonsa. Inuwar kansa ba ta faɗa wa lemon ba sai da ya ba tocila baya sosai, ukun suka jeru. Wannan shi ne husufin wata, kuma shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. Na tuna musu hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Lissafin kalanda ya zo da sauƙi bayan haka. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, dalilin da azumi ke zagayowa daga damina zuwa zafi zuwa hunturu ke nan.

Nisa kuwa, lamba ba ta shiga kan yaro. Na ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, na ce su sa lemo inda wata ya kamata ya kasance. Duk suka ajiye shi bai fi kamu biyu ba. Da muka auna, sai da lemon ya yi nisan fiye da mita shida, wato faɗin ƙwallon sau talatin. Ramukan da ke jikin wata kuma mun yi su da faranti cike da toka muna sakin tsakuwa daga sama.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ranar da wani yaro ya ce, “Malam, kakana ya ce ƙarya ce, babu wanda ya je wata.” Ban yarda malami ya ƙasƙantar da dattijo a gaban jikansa don ya ci gardama ba. Na ce masa mutane da yawa sun yi wannan shakka, kuma neman hujja abu ne mai kyau. Sannan na kawo abin da ke akwai: duwatsu da ƙasa kilo 382 da jiragen Apollo, waɗanda suka kai mutane wata, suka dawo da su, waɗanda masana na ƙasashe daban-daban suka bincika, da madubin da aka bari a can, wanda har yau ake harba masa haske daga duniya ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi. Da shi aka gano wata na nisanta da mu da kimanin santimita 3.8 a shekara. Na ƙara da cewa China ta sauke na'ura a ɓangaren wata da ba ya fuskantar duniya a 2019, Indiya kuma ta sauke tata mai suna Chandrayaan-3 kusa da kudancinsa a ranar 23 ga Agusta 2023. Akwai ma ramuka a wata da aka sa wa sunayen masana Musulmi na da, irin su Al-Battani da Al-Biruni da Ibn al-Haisam.

Yaron bai ce ya gamsu ba. Amma bayan kwana biyu ya dawo ya ce kakansa na tambaya ko zan ara musu tabarau mai hangen nesa da na aro wa aji, yana so ya ga ramukan da idonsa. Na ba shi ranar Juma'a, daren bakwai ga wata, lokacin da inuwar ramukan ta fi fitowa a gefen haske, ya dawo mini da shi ranar Litinin.